Makaho da ɗan jagora a cikin wayarka

A N'Djamena, daga babbar kasuwa da ke daura da babban masallaci har zuwa kasuwar Dembé, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ci karo da teburin mai gyaran waya ba: ɗan akwatin gilashi cike da gawarwakin wayoyi, kwamfutar cinya da ta sha ƙura, igiyoyin caji a harɗe kamar taliya. Cututtukan da ake kawo musu galibi a fili suke. Gilashi ya fashe, bakin caji ya lalace, waya ta faɗa ruwa. Amma akwai wata cuta mai ɗaure kai. Waya ta fara rikici, mai gyara ya yi mata filashin, wato ya sake zuba mata manhajarta daga tushe, ta kunnu lafiya har ka ji kiɗan buɗewa, sai ga fuskarta fara fat. Ko kuma hoto ya fito ras amma ka taɓa ta ƙi ji, ko kyamarar da ta ɗauki hoto da safe a ce babu ita. Babu abin da ya ƙone, babu wayar da ta tsinke a ciki. Mai waya ya rantse an sauya masa kaya, mai gyara ya rantse ko murfi bai buɗe ba. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa.

Abin da ya faru yana cikin daƙiƙun farko na kunna waya, tun kafin alamar kamfani ta gama bayyana.

Kowace wayar Android, ko Tecno ce, ko Itel, ko Infinix, ko Samsung, a ƙarƙashin manhajarta akwai wani ɓangare da ake kira kanel. Shi ne zuciyar manhajar, shi kaɗai ke magana kai tsaye da ƙarafan waya. WhatsApp ba ta san yadda ake kunna kyamara ba. Roƙon kanel take yi. Kanel ɗin Android kuwa Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Abin mamakin shi ne, a lokacin da wannan kanel ya farka a cikin wayarka, bai san inda yake ba. Bai san girman ma'ajiyar da aka ba shi ba, bai san wace irin fuska aka liƙa wa wayar ba, bai san ko akwai kyamara ba balle inda take.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mutanen N'Djamena sun san haka fiye da kowa. Tun yana Fort-Lamy, sunan da Faransawa suka sa masa a 1900 bayan yaƙin Kusiri da Rabeh ya faɗi a cikinsa, har aka sauya sunan a 1973, garin zango ne. Alhazan ƙasa daga Kano da Katsina da Damagaram sukan tsallako Shari su sauka nan kafin su nausa gabas ta Abéché zuwa Darfur, wasu su yi wata, wasu su yi shekara, wasu su zauna ke nan. Fatake ma haka. Duk ilimin baƙo da wayonsa, ranar da ya sauka sai ya nemi mai masauki ya nuna masa ga rijiya, ga kasuwa, ga wanda ake biya. Abin da mai masauki ya faɗa, shi baƙo zai kama, ko daidai ko kuskure. Haka kanel yake, kuma shi ma yana da ɗan jagora.

Idan ka danna maɓallin kunnawa, abin da ke fara motsi wata 'yar manhaja ce da aka gina a jikin furosesa tun daga masana'anta, ba ta goguwa ba ta sauyuwa. Aikinta kaɗan ne: ta nemo ta gaba da ita ta tashe ta. A wayoyin da ke ɗauke da furosesar MediaTek, waɗanda suka cika kasuwanninmu, ta gaban ita ce preloader, wadda ke tayar da ma'ajiyar aiki, ita kuma ta miƙa wa LK. Wannan LK shi ne ke nuna maka alamar kamfani. Shi ne kuma ɗan jagoran da muke magana. Zai ɗauko kanel daga ma'ajiya ya shimfiɗa shi, ya ɗauko wata takarda ya ajiye a gefe, ya nuna wa kanel inda ya ajiye ta, sannan ya janye jiki. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa sai an sake kunna waya.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya hana kanel ya lalubo kayan da kansa? Ai idan ka soka filas a kwamfuta nan take take gane shi. Gaskiya ne, amma filas mai baki ne. Duk na'urar da ke shiga ta USB, da katunan da ke hawa layin PCI a cikin kwamfuta, an ƙera su ne yadda idan aka tambaye su za su faɗi lambar kamfaninsu da tasu. Kayan cikin waya yawancinsu bebaye ne. Abin da ke jin taɓawar yatsarka, da mai auna batir, da mai gane an juya waya, galibi suna rataye ne a kan wani siririn layi mai waya biyu da ake kira I2C, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1982. A wannan layi babu gaisuwa babu gabatar da kai. Sai ka san lambar ƙofa kafin ka ƙwanƙwasa, idan an amsa kuma sai ka riga ka san yaren mai gidan. Lalube a nan haɗari ne. Kanel ya taɓa sashen da bai sani ba, waya na iya sandarewa. Ya tura wa wani sashe wutar da ta fi ƙarfinsa, abin da ba a so ya faru.

Kwamfutoci ma ba duk kayansu ne masu baki ba, kuma su tasu hanyar daban ce. A watan Disamba na 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin ACPI. Mai ƙera kwamfuta zai rubuta jadawalin kayanta ya binne a jikin allon kwamfutar, tare da 'yan umarnin da kanel zai karanta ya bi idan yana son rage wuta ko sa kwamfuta barci. Jadawalin na kwamfutar ne, ba na manhaja ba ne. Shi ya sa mai gyaran kwamfuta ke yawo da filas ɗaya na Windows yana zuba wa HP da Dell da Lenovo duka. Ɗan'uwansa mai gyaran waya kuwa dole ya tara ɗaruruwan fayiloli, kowace waya da nata, don a waya takardar tana tafiya ne tare da manhajar da ake zubawa. Ka goge manhaja, ka goge takarda.

Sunan takardar bishiyar na'ura. An kira ta bishiya ne don tsarinta irin na salsala ne: akwai tushe, wato wayar kanta, a ƙarƙashinsa furosesa da ma'ajiya da layuka, a ƙarƙashin kowane layi kuma 'ya'yan da ke rataye da shi. Ba don waya aka ƙirƙire ta ba. Asalinta kamfanin Sun Microsystems ne a Amurka, a ƙarshen shekarun 1980, aka mai da tsarin ƙa'ida a 1994 da sunan IEEE 1275, Apple da IBM suka yi amfani da shi a injinansu masu furosesar PowerPC. Wajen 2005 masu kula da Linux a kan PowerPC, musamman Benjamin Herrenschmidt da David Gibson, suka samo dabarar matse bishiyar ta zama dunƙulallen fayil guda wanda kowane ɗan jagora zai iya ɗauka ya miƙa, ko da shi kansa bai fahimci abin da ke ciki ba.

Su kuwa na'urori masu furosesar ARM, dangin da wayoyinmu suka fito, sun daɗe a kan wata hanya mai wahala. Kowane allo da aka ƙera a duniya sai a ba shi lamba, sannan a rubuta bayaninsa a cikin jikin kanel ɗin kansa. Ɗan jagora ya faɗi lamba, kanel ya buɗe shafin da ya dace. Da allunan ba su da yawa abin ya yi aiki. Da wayoyi suka ɓarke sai kanel ya kumbura da fayilolin da kusan duk abu ɗaya suke faɗa da ɗan bambanci, kamfanoni na karo da juna a kansu. A watan Maris na 2011 Torvalds ya fusata, ya yi wa masu ARM tatas a bainar jama'a da kalmomin da ba za su shiga mujalla ba. Faɗan ya yi amfani. Aikin da Grant Likely ya daɗe yana turawa, na kawo bishiyar na'ura cikin ARM, ya samu shiga, kuma da aka buɗe babin ARM mai bit 64 a 2012 ba a ma bar ƙofar tsohuwar hanya ba. Yau furosesar RISC-V ma da bishiya take tashi, iPhone ma tana da irin tata.

To me aka rubuta a ciki? Injiniya ne ke rubuta ta da hannu, da haruffan da mutum zai iya karantawa, a fayil mai ƙarewa da dts. Kowane reshe yana faɗin abubuwa kaɗan amma masu nauyi. Akwai layin da ake kira compatible, wanda ke ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera sashen da sunan samfurinsa. Akwai reg, lambar ƙofarsa. Akwai bayanin igiyar da zai ja idan yana son kanel ya waiwaye shi, da agogon da ke ba shi bugu, da mafi ƙaranci da mafi yawan wutar da zai iya sha. Akwai kuma wani ɗan layi, status, wanda idan aka rubuta masa disabled shi ke nan, kanel zai wuce sashen kamar bai gan shi ba, ko da yana nan lafiyarsa ƙalau a jikin allo. Idan an gama rubutu sai wata manhaja mai suna dtc ta matse shi ya koma dtb, wanda inji kaɗai ke karantawa.

Miƙa takardar kuwa abu ne mai sauƙi har ya ba ka dariya. Furosesa tana da 'yan aljihuna da take riƙe lambobi a ciki. A wayar ARM mai bit 64, ɗan jagora zai sa adireshin takardar a aljihun farko, x0, ya tsallake ya bar wa kanel fili. Ƙa'idar Linux ta ce kada takardar ta wuce megabayit 2. Kanel zai je adireshin ya duba hatimi. Dole farkon fayil ɗin ya kasance d00dfeed, lamba ce da aka zaɓa don tana karantuwa kamar kalma a idon masu shirya manhaja, irin barkwancinsu. Idan hatimin bai fito ba, tafiya ta ƙare tun ba a fara ba, kuma kanel ba shi da ma bakin da zai yi kuka, don hanyar da zai bi ya yi magana ma a cikin takardar aka rubuta ta. Wayar da ta maƙale a kan alamar kamfani ba ta gaba ba ta baya, wani lokaci abin da ya same ta ke nan.

Idan hatimi ya yi daidai, kanel ba ya karanta komai a zama ɗaya. Da fari leƙe yake yi, don a lokacin ko wurin ajiye abin da ya karanta ba shi da shi. Zai nemi reshen memory ya san girman ma'ajiya da inda ta fara, ya duba wuraren da aka ce kada ya taka don na wasu ne, kamar sashen da ke magana da eriyar Airtel ko Moov, ya kuma karanta reshen chosen. Wannan reshen allon saƙo ne. Ɗan jagora yana rubuta abin da ya gano da kansa a nan kafin ya tafi, kamar umarnin tashi, da inda ya ajiye fayilolin farko. Sai kanel ya daidaita zamansa sannan ya warware bishiyar gaba ɗaya.

Daga nan sai rabon aiki. A cikin kanel akwai direbobi, kowanne ƙwararre ne a kan sashe iri ɗaya, kuma kowanne yana riƙe da jerin sunayen da ya iya. Kanel zai bi reshe reshe yana kiran sunan da ke layin compatible, kamar ɗan kamasho a tasha. Direban da ya ji sunan da ya sani ya fito ya karɓi aiki. Wani zai fito ya tarar wutar da sashensa ke buƙata ba ta iso ba tukuna, don direban wutar bai tashi ba, sai ya ce a dawo masa anjima, kanel ya mai da shi bayan layi. Reshen da aka kira babu wanda ya amsa kuwa haka zai zauna, shiru. Ba ƙara, ba gargaɗi a fuskar waya. Kai dai za ka buɗe kyamara ka ga duhu.

Yanzu mu koma teburin mai gyara. Kamfanin waya ba ya ƙera kowane sashe da kansa, saye yake yi. Waya mai suna ɗaya, launi ɗaya, kwali ɗaya, ta watan Janairu na iya zuwa da fuskar wani kamfani, ta watan Yuni da ta wani, saboda farashi ko ƙarancin kaya. Wadda aka yi don wata kasuwa na iya bambanta da wadda aka yi don wata. N'Djamena kuwa mahaɗa ce. Kaya na shigowa ta gadar N'Gueli daga Kamaru, wasu sun biyo ta Najeriya, wasu daga Dubai. Mai gyara ya dubi sunan da ke bayan waya, ya sauko da fayil mai wannan suna daga intanet, ya buɗe SP Flash Tool ya zuba. Fayil ɗin na ƙanwar wayar ne, ba nata ba. Takardar da ke ciki ta ce mai jin taɓawa yana ƙofa kaza, alhali a wannan allon wani ne daban a wata ƙofar. Kanel bai yi gardama ba, don bai san gardama ba. Ya je ƙofar da aka faɗa masa, ya yi sallama, ba a amsa ba, ya wuce. Haka ma idan aka sauya fuska da wadda ta yi kama da ta asali a ido amma ƙwaƙwalwarta daban: ko takarda ba ta san ta ba, ko ta san ta amma babu direbanta a cikin kanel ɗin. Sakamakon dai ɗaya ne.

Google ta yi ƙoƙarin rage wannan rikici. Daga Android 9, a 2018, aka wajabta wa sababbin wayoyi raba takardar gida biyu. Babbar takarda ta mai furosesa ce, tana bayanin abin da duk wayoyi masu wannan furosesa suka yi tarayya a kai. Ƙaramar kuma ta mai ƙera waya ce, tana zaune a wani sashe na ma'ajiya mai suna dtbo, kamar gyaran da malami ke yi a gefen shafi: a nan ƙara kaza, a nan soke kaza. Sashen na iya ɗaukar ƙananan takardu da dama, ɗan jagora ya duba alamar allon da yake kai ya zaɓi wadda ta dace, ya ɗora ta kan babbar kafin ya miƙa. Tsarin tsaron Android kuma yana duba sa hannun kamfani a kan dtbo kamar yadda yake duba na kanel, don wanda ya iya sauya takarda ya iya juya waya yadda ya so. Ɗalibin da ke wasa da allon Raspberry Pi a Jami'ar N'Djamena ya san wannan dabara ta wata fuskar. Layi ɗaya zai ƙara a fayil ɗin config.txt, ya sake kunnawa, allon ya gane sabon abin da aka jona masa.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba wahalar masu gyara ba ce, tsawon ran wayar ne. Tsohuwar kwamfuta mai shekara goma sha biyar, ko kamfaninta ya rufe, za ka iya zuba mata sabon Linux ta tashi, don bayaninta na jikinta. Waya mai shekara huɗu, allonta garau, idan kamfani ya daina aiko da sabuntawa ta tsaya ke nan. Ana iya zaro takardarta a warware a karanta, amma sau da yawa an rubuta ta ne da sunayen da direbobin kamfanin kaɗai suka sani, sabon kanel ba ya jin yaren. Lasin Linux ya wajabta wa duk wanda ya sayar da na'ura da shi ya saki rubutun kanel ɗin da ya yi amfani da shi. Wasu kamfanoni suna saki, wasu sai an yi ta bin su, kuma wayoyi masu araha, irin waɗanda talaka ke saya da guminsa, su ne suka fi zama marayu. Akwai 'yan sa-kai irin na postmarketOS, da aka fara a 2017, waɗanda ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne zama su sake rubuta wa tsofaffin wayoyi bishiya a yaren da Linux na kowa ke ji. Wayoyin da suke ceto galibi waɗanda ke aljihunsu ne a Turai da Amurka. Ba laifinsu ba ne. Mutum ba ya rubuta bayanin allon da bai taɓa riƙewa ba. Allunan namu suna nan jibge a akwatunan gilashin Dembé, a hannun samarin da suka iya ɗaga furosesa da iskar zafi su mai da ita, suka haddace wace fuska ke shiga wace waya. Rabin ilimin da aikin ke buƙata suna da shi. Ragowar rabin, karanta dts da rubuta shi, bai fi ƙarfin wanda ya koyi filashin da kansa daga bidiyo ba.

Kafin a kai can, ƙwararrun cikinsu sun riga sun koyi abin da ya rage asara: ba sa yarda da sunan da ke bayan murfi, sai sun duba cikakkiyar lambar manhajar da ke cikin wayar ko wadda aka buga a jikin allo, kuma kafin su goge komai sukan kwafe abin da ke ciki su ajiye, har da dtbo, ko da wayar ta zo a sume.

Akwai wani reshe kuma da mazaunin N'Djamena ke ji a tafin hannunsa ba tare da ya san sunansa ba. A cikin bishiyar akan rubuta iyakar zafi: idan furosesa ta kai digiri kaza a rage mata gudu, idan ta kai kaza a kashe wayar ɗungurungum. Da dubu-dubu ake rubuta lambar, 85000 na nufin digiri 85. Wani injiniya ne a Shenzhen ko Hsinchu ya zauna cikin sanyin ofis ya zaɓe ta. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 a inuwa, wayar da ke aljihun ɗan acaba ta riga ta yi rabin hanya zuwa iyakar tun bai taɓa ta ba. Ya buɗe bidiyo ta fara jan ƙafa, ya yi tsaki ya ce intanet ne.